Yawo da bindiga ba lasisi a Amurka: ƙarin bayani kan shirinku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin shirinku na harkokin duniya daga birnin Houston na jihar Texas, kuma na saurari tattaunawar da kuka yi a kan dokokin da suka ba Amurkawa damar yawo da bindiga ba tare da lasisi ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda wasu masu bugo waya suka fahimci lamarin, domin daga kalamansu an ɗauka cewa a nan kowa na iya sayen bindiga ya soke a ƙugu ya kama gabansa, har wani bawan Allah ya ce abin da ya kamata a kwaikwaya ke nan a yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Akwai gaskiya a maganar, amma rabinta aka faɗa.

Wannan tsari ba na gwamnatin tarayya ba ne. Gyaran fuska na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya tabbatar wa jama'a haƙƙin mallakar makami da ɗaukarsa, amma jihohi ne ke tsara sharuɗɗan fita da shi bainar jama'a. Jihar Vermont ce kaɗai ta daɗe ba ta neman lasisi, tun bayan wani hukunci da kotun ƙolin jihar ta yanke a 1903. Sai da aka shekara ɗari kafin Alaska ta bi sahu a 2003, Arizona ta biyo baya a 2010, daga nan kuma jihohin da jam'iyyar Republican ke da rinjaye a majalisunsu suka shiga rige-rige: Texas a 2021, Ohio da Georgia a 2022, Florida a 2023, har Louisiana da South Carolina suka cika jihohi 29 a 2024. New York da Kalifoniya da Illinois da New Jersey kuwa suna nan a kan bakansu, kuma wanda ya tsallaka zuwa New Jersey da ƙaramar bindiga a ƙugu, yana taƙama da dokar jiharsu, zai iya tsintar kansa a gidan yari.

Bari in tsaya a kan Texas, tunda ita nake zaune. Kafin ranar 1 ga Satumba, 2021, da dokar da Gwamna Greg Abbott ya rattaba wa hannu ta fara aiki, duk mai son ɗaukar ƙaramar bindiga sai ya zauna a aji na awa huɗu zuwa shida, a karantar da shi inda doka ta halatta harbi da inda ta haramta, da yadda ake adana bindiga a gidan da ke da yara, da yadda ake kashe wutar rigima da fatar baki. Bayan haka ya rubuta jarrabawa, ya je filin harbi ya nuna wa malami cewa ya iya riƙe abin, a ɗauki zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, ya biya dala 40. Yanzu mai shekara 21 wanda doka ba ta haramta wa mallakar bindiga ba yana iya ɗaukarta a ɓoye ko a fili, muddin wadda ke fili tana cikin kube, ba tare da ya taɓa harba harsashi ko ɗaya a gaban kowa ba.

Duk da haka ba a bar jama'a sakaka ba. An hana shiga kotu da rumfar zaɓe da makaranta da bindiga, haka ma mashayar da kashi 51 cikin ɗari na kuɗin shigarta daga giya yake. Mai kanti ma yana da ikon hanawa, shi ya sa baƙon da ya zo Houston zai ga alluna a ƙofofin shaguna da asibitoci, an rubuta su da manyan baƙaƙe cikin Turanci da Sifaniyanci, kowanne da lambar sashen doka a jikinsa: 30.06 na hana mai lasisi shiga da ɓoyayyar bindiga, 30.07 na hana shi shiga da ita a fili, 30.05 kuma na marar lasisi. Inda babu allo, ba abin mamaki ba ne a ga magidanci yana tura amalanken cefane da 'yarsa a ciki, bindiga na reto a ƙugunsa, mai karɓar kuɗi ko kallo na biyu ba ta yi masa ba.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjar da ba a yi mata adalci a shirinku ba. Lasisi ya daɗe yana zama sandar da hukuma ke korar wanda ba ta so. A 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a Montgomery, ya nemi izinin ɗaukar bindiga a jihar Alabama, aka hana shi. A 1967, da 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya da bindigoginsu, ba a ɓata lokaci ba aka haramta yawo da bindiga mai harsashi a fili, Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu. A New York kuma mai nema sai ya gamsar da jami'i cewa yana da wata buƙata ta musamman, sharaɗin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke a watan Yunin 2022 a shari'ar Bruen, da rinjayen alƙalai shida a kan uku. Sai dai abin da ake yawan tsallakewa shi ne kotun ba ta soke lasisi kansa ba, kuma Mai shari'a Brett Kavanaugh ya fayyace cewa jiha na iya ci gaba da neman horo da zanen yatsu da binciken tarihi, matuƙar duk wanda ya cika sharuɗɗan za a ba shi.

Nan ne na rabu da 'yan majalisar Texas. Idan lasisi ya yi tsada sai a rage kuɗinsa, kamar yadda jihar ta riga ta yi a 2017 daga dala 140 zuwa 40. Idan jami'i na nuna son kai sai a ƙwace masa ikon zaɓen wanda zai ba lasisi. Soke shi ɗungurungum gyaran gangar auzinawa ne, saboda wata kafa da ke cikin dokar tarayya: dillali mai rajista ne kawai aka wajabta wa binciken tarihin mai saye, amma wanda ya sayar wa maƙwabcinsa tsohuwar bindigarsa a Texas ba a wajabta masa komai ba. Ke nan lasisin ɗauka shi ne wuri guda da hukuma ke ganin fuskar irin wannan mutum kafin ya fito titi da makami. Da aka cire shi, nauyin ya koma kan ɗan sandan da ya tsayar da mota da tsakar dare, wanda a da kati zai nema ya san da wanda yake magana. Shi ya sa shugabannin 'yan sanda na manyan biranen Texas suka yi adawa da ƙudirin, haka ma Doug Carter, shugaban 'yan sandan jihar Indiana na lokacin, ya soki irinsa a gaban majalisa a 2022, ko da yake gwamnan da yake yi wa aiki ya sa hannu daga baya. Kuma idan ɗan sanda ya tsorata, an san wanda ya fi shan wahala: Philando Castile, baƙar fata, yana da lasisinsa kuma ya sanar da jami'in cewa akwai bindiga tare da shi, amma aka harbe shi a cikin motarsa a Minnesota a 2016.

Game da alƙaluma, ina roƙon a riƙa taka-tsantsan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021, amma fiye da rabinsu kansu suka kashe, kuma wannan ya fi alaƙa da bindigar da ke cikin gida. Binciken Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford ya nuna cewa jihohin da suka sassauta bayar da lasisi sun ga ƙarin manyan laifukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma, masanin tattalin arziki John Lott kuma ya daɗe yana da'awar akasin haka. Ni na fi karkata ga na farko.

Shi kuma mai sauraron da ya kawo batun gida, wataƙila yana tuna kiran da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta yi a watan Yunin 2022 ne, cewa jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Ko a can lasisi aka ce a nema, kuma babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Abu ɗaya da nake so ku sanar da ɗalibanmu da masu zuwa ziyara: dokar tarayya ta haramta wa mai bizar karatu ko ta ziyara mallakar bindiga, in ban da 'yan keɓantattun yanayi kamar wanda ke da lasisin farauta, kuma dokar Texas ba ta shafe wannan haramci ba. Zai yi kyau ku gayyato lauyan da ya san dokokin shige da fice na Amurka a shiri na gaba domin ya yi wa jama'a bayanin wannan dalla-dalla.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Houston, jihar Texas, Amurka