Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Maraɗi kan ruwan gulbi

Mai girma Gwamna, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ina rubuto maka ne kan Gulbin Maraɗi. Ruwansa daga ƙasar Katsina yake taso mana, ya bi ta Madarumfa, ya ratsa Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa kogin Rima. Tun da aka datse kogin Gada, wanda ke ciyar da gulbin, a Jibiya ta ƙasar Katsina, ranar da ruwa zai iso mana da yawan da zai zo ba a hannun sama kaɗai suke ba, har da hannun mai buɗe ƙofar madatsa. Amma mai garka a fadama ba ya samun labari sai ya wayi gari ya tarar da injin ban ruwansa cikin taɓo, tumatir da tattasai sun kwanta. Wata shekarar kuma ya zuba ido har rani ya shiga, gulbi yashi ne fayau.

Ranka ya daɗe, akwai abin dogaro a takarda. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai ta ambaci Gada da Gulbin Maraɗi da sunansu. Duk wani saɓanin siyasa bai kamata ya hana injiniyan Jibiya ya buga wa takwaransa na Maraɗi waya ya ce gobe za a saki ruwa ba. Katsinawa ne fa duka, jini ɗaya.

A gida ma aikin a warwatse yake. Masu hasashen yanayi suna da lissafin ruwan sama, ma'aikatar ruwa tana da na rijiyoyi, hukumar kula da filayen noman rani ta ONAHA ta san abin da ake zuƙowa daga ƙasa a filin noman rani na Jiratawa, masuntan Madarumfa kuma sun fi kowa sanin inda yashi ya cinye tabki. Kowa ya rungume nasa. Da an haɗa su wuri guda, da an gane ko ruwan ƙasa yana farfaɗowa bayan damina ko ja baya yake yi, kafin a ƙara haƙa wata rijiyar.

Roƙona shi ne a kafa sandunan awon ruwa daga Nyelwa da ke kusa da iyakar Najeriya har Gidan Rumji, a ɗauki mutum a kowane wuri ya riƙa turo awon safe da yamma ta salula, a biya shi haƙƙinsa kan kari. A riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa, a sanar da hakimai da masu gari. Ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu, ta 2024 kuwa har yanzu akwai waɗanda ba su gama tada katangunsu ba. Ka kira waɗannan ma'aikatu da wakilan manoma da masunta da makiyaya su zauna kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
wani mai garka a fadamar Maraɗi