Wasiƙa zuwa ga Abba, kan abin da ya faru ranar Babbar Sallah

Assalamu alaikum, Abba.

Da fatan ka koma makaranta lafiya. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na bar ka ka tafi ban ce maka komai ba, don na san in na buɗe baki a ranar, ba nasiha ce za ta fito ba. Yau kwana tara, zuciya ta yi sanyi, shi ne na ɗauki biro.

Da aka tayar da sallar Magariba, Baffanka ya gyara rawani ya shiga gaba, kai kuma ka kwashi takalmanka ka fice daga zaure a gaban yara. Da aka idar ya shimfiɗa farin ƙyallensa na wazifa kamar kullum, bai ce uffan ba. Sai da aka kawo tuwo na ga ya yi loma biyu ya wanke hannu. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana goya ka a Vespa zuwa makarantar allo ke nan fa.

Kada ka zaci ban san abin da ka karanto ba. Ina saurayi aka kafa Izala a Jos a 1978, ba a jima ba na shiga, tafsirin Malam Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna kuwa ba ya wuce ni. Har gobe ba na wazifa, ba na zuwa maulidi. Amma zafin kan nan ya sa na yi abin da yake ci mini rai har yau. Shekara biyu na ƙi cin yankan mahaifina, wanda ka ci sunansa. Sai ya yanka ragon layya, a soya, a aiko mini, in mayar da kwanon yadda ya zo. Ina ta cewa sai na je na ba shi haƙuri, rai ya yi halinsa. Ni na riƙe kan makararsa, Abba, kuma ba na yi maka fatan irin wannan nauyin.

Rigimar nan ta girme ka, ta girme ni. Tambayi dattawa: a shekarun 1950 almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ne suka yaɗa ƙabalu a Kano, aka yi ta kai ruwa rana da 'yan sadalu har wasu suka daina bin wasu salla. Ɗora hannu a ƙirji da kake gani kamar tambarinku ne, 'yan ɗariƙa sun riga ku shan zagi a kansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kowa ke tinƙaho da shi kuwa Baƙadire ne.

Buɗe Suratu Luƙman, aya ta 15. Ko iyayen da suka matsa wa ɗansu ya yi shirka, cewa aka yi kada ya bi su, amma ya zauna da su da kyautatawa. Balle Baffanka mai kallon gabas, wanda ya fi shekara talatin yana awon hatsi a Dawanau ba a taɓa cewa ya tauye mudu ba. Marayun unguwar nan nawa ne suke cin geronsa duk azumi, ba tare da ya bari an sani ba? Ni ma a bakin mai kura na ji.

Ƙanwarka ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook. Ka goge shi yau.

Ranar Juma'a ka shigo motar safe. Ban ce ka zauna wazifa ba, ban ce ka bar fahimtarka ba. Ka sayi turare kwalba ɗaya. In durƙuson ne ba ka so, zauna a ƙasa gefen buzunsa ka ce ka yi kuskure. Zan raka ka har ƙofar zaure, amma ba zan ari bakinka ba.

Na tura maka kuɗin mota. Ummanka ta ce ka taho mata da kular da ka tafi da nama a ciki.

Wassalam,
Mahaifinka