Labarin baƙin duniyar Mars ba abin dariya ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na saurari shirinku na makon jiya inda aka taɓo labarin wasan kwaikwayon rediyon da ya firgita Amurkawa a 1938. Na ji daɗin zaɓen batun, amma yadda aka gabatar da shi ya tsaya mini a rai. An mayar da shi labarin raha, wai ga mutanen da suka ji wasa suka ɗauka gaskiya ne, aka yi dariya aka wuce. Ni da na tashi a gidan da ba a kashe rediyo sai an gama labaran dare, na san muryar mai karanta labarai ba abin wasa ba ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Asalin labarin littafi ne na marubucin Ingila H. G. Wells, The War of the Worlds, wato Yaƙin Duniyoyi, wanda ya fito a 1898. Halittu ne daga duniyar Mars suka sauka kusa da garin Woking, kudu maso yamma da Landan, da injuna masu ƙafa uku da wani haske mai ƙona duk abin da ya dosa. Sojojin Ingila suka kasa tsayar da su. Abin da ya kashe su a ƙarshe ƙwayoyin cuta ne, waɗanda jikin ɗan Adam ya saba da su, nasu kuwa bai taɓa gamuwa da su ba.

A daren Lahadi, 30 ga Oktoba 1938, Orson Welles, yana ɗan shekara 23, ya jagoranci 'yan wasansa a tashar CBS suka mayar da labarin Amurka. Howard Koch ne ya rubuta wasan, ya sa baƙin suka sauka a ƙauyen Grover's Mill na jihar New Jersey. Dabarar ita ce ba su fara da gatanan gatananku ba. Kiɗa aka sa, kamar daga wani otal a New York, sai a katse a ce ga labari da ɗumi-ɗuminsa, a koma kiɗa, a sake katsewa. Can aka haɗa da wakili daga wurin da abin ya faɗo, yana bayani, aka ji ihu, layin ya mutu. An faɗa a farkon shirin cewa wasa ne, amma ba a maimaita ba sai bayan kusan minti 40. Wanda ya murɗo tashar a tsakiya ba shi da abin da zai riƙe.

Kuma a tuna da lokacin. Wata guda kacal kafin wannan dare aka sa hannu a yarjejeniyar Munich tsakanin Jamus da wasu manyan ƙasashen Turai, bayan makonni ana katse shirye-shirye da labarin ko Hitila zai jefa Turai cikin yaƙi. Wasu daga cikin waɗanda suka tsorata ma sun ɗauka Jamusawa ne suka kawo hari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina wautar a nan?

Batun cewa Amurka gaba ɗaya ta fita kan titi kuwa, an yi masa ƙari. Wani kamfanin ƙidayar masu sauraro ya buga waya gidaje 5,000 a wannan dare, kashi 2 cikin ɗari ne kawai suke jin wasan. Masu sauraro da yawa suna wajen shirin barkwanci na Edgar Bergen a tashar NBC. Jaridu ne washegari suka kambama abin, kuma masu nazari da dama suna ganin haushin tallace-tallacen da rediyo ke ƙwace musu yana ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ku ambaci Kito ba ko sau ɗaya. A daren 12 ga Fabrairu 1949, gidan Radio Quito a Kito, babban birnin ƙasar Ikwado, ya yi nasa salon, Leonardo Páez da Eduardo Alcaraz suka shirya. Sun katse waƙar da ake rerawa kai tsaye, suka ce baƙi sun sauka a Cotocollao, a arewacin birnin. 'Yan wasa suka kwaikwayi muryoyin manyan jami'an gwamnati suna kiran jama'a su natsu. Mutane suka fito da kayan barci, wasu suka nufi coci, 'yan sanda da sojoji suka doshi inda aka ce abin ya sauka. Da aka sanar cewa wasa ne, tsoro ya juye ya zama fushi. Taron jama'a ya cinna wa ginin wuta, ginin da jaridar El Comercio ma take ciki, kuma aƙalla mutum 6 suka mutu. Ba na kare waɗanda suka sa wutar. Amma mutanen nan sun ba gidan rediyon amanarsu shekara da shekaru, aka ari wannan amanar aka yi wasa da ita dare ɗaya. Duk ma'aikacin rediyo ya kamata ya san wannan labarin kamar yadda ya san na Welles.

Mu da rediyo ke rataye a kafaɗar makiyayi, ke ajiye a teburin mai shayi, mun fi kowa sanin nauyin kalmar "an faɗa a rediyo". Yanzu kuma ga WhatsApp, inda za a yanko minti biyu daga tsakiyar shiri a watsa, ba farko ba ƙarshe, ba sanarwar cewa wasa ne.

Duk da haka, roƙona shi ne ku yi wannan wasa da Hausa, domin akwai abin da su Welles suka bari a baya. A babin farko na littafin, Wells ya tunatar da 'yan ƙasarsa yadda Turawa 'yan kama wuri zauna suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara 50, ya ce kafin su zargi baƙin Mars da rashin imani su dubi aikin hannunsu. So ya yi Bature ya ɗanɗana yadda ake ji idan wani ya zo da makamin da ba ka taɓa gani ba, bai kuma ɗauke ka mutum ba. Shekara 5 bayan fitowar littafin, a 1903, Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, mahaya dawakai da masu da takubba suka fuskanci bindiga mai sarrafa kanta. Kakanninmu ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da Wells yake nufi. Marubucin wasa da ya san tarihin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, zai fito da abin da ke cikin wannan labari fiye da wanda bai san shi ba.

Sai dai a yi shi a matsayin wasa, da taken wasa, da muryoyin 'yan wasa da aka sani. Kada a sa mai karanta labaranku na gaskiya a ciki, kada a yi amfani da kiɗan buɗe labarai, kada a kwaikwayi muryar gwamna ko sarki, kuma a riƙa faɗin sunan shirin duk bayan 'yan mintuna. Idan kun sa shi a jadawali, ku sanar da mu ranar da wuri, ina so mu saurara tare da yarana.

Na gode.

Mai sauraronku daga Zariya