Buhun Waken da Ba Shi da Shaida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan waken da muke ci kullum a ƙosai da alale da garau-garau, alhali ba mu san hannun da ya bi ba kafin ya iso tukunyarmu.

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an riƙa samun ragowar sinadarin da ke cikin maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya fiye da ƙimar da dokarsu ta yarda, wato miligiram 0.01 a kowane kilo, kuma a 2016 aka tsawaita dakatarwar. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata, don haka asarar ba ƙarama ba ce. Amma abin da ya fi damuna shi ne, waken da Turawa suka auna suka ƙi, irinsa ne ake auna mana a kwano, kuma mu babu mai gwada mana.

Yawancin ɓarnar a wajen ajiya take aukuwa. Mai sito yana tsoron kada ƙwari su huda masa jari kafin farashi ya tashi, sai ya barbaɗa magani a cikin buhu ya ɗinke. Daga nan buhun ya bi hannun dillali, ya hau mota daga kasuwar ƙauye zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, a juye shi a gauraya da na wasu, har ya kai Legas. Idan wani gida ya ci ya kwanta asibiti, babu wanda zai iya cewa ga siton da waken ya fito, ga wanda ya zuba maganin, domin buhun ba ya ɗauke da sunan kowa.

Hanyar ajiya ba tare da guba ba tana nan. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira, yana toshe iska har ƙwarin su mutu, kuma manoma da yawa a ƙasar Hausa sun san shi. Sai dai mai amfani da shi da mai fiya-fiya farashi ɗaya suke sayarwa, tun da mai saye ba ya iya bambancewa.

Saboda haka nake kira ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, da shugabannin kasuwannin hatsi da su wajabta wa kowane mai sito rubuta lambarsa da watan ajiya da yadda ya adana a jikin buhu, a kuma riƙa ɗibar samfuri ana gwadawa a kasuwa ana sanar da jama'a sakamakon ta rediyo. A fara da Dawanau a kakar bana, inda buhuna masu yawa ke ratsawa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano