Wasiƙa Zuwa Ga Abokina: Daren Da Na Kusa Yin Wauta

Abokina ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya uwargida da yara? Na yi shiru kwana biyu, ka gafarce ni.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kai kaɗai nake iya faɗa wa. Makon jiya mun saɓa da ƙanena a kan kula da mahaifiyarmu. Cikin dare ya turo mini saƙo mai zafi, ni kuma na zauna na tsara masa amsa doguwa, har da ayoyi, kowace kalma da dafinta. Saura kaɗan in tura sai matata ta riƙe mini hannu ta ce, "Maigida, bari gari ya waye." Na ajiye wayar ina huci.

Barci ya ƙi zuwa. Da asuba na buɗe 1 Sama'ila 25, labarin Nabal. Mutum mai tumaki 3,000 da awaki 1,000, amma ma'anar sunansa wawa, kuma da bakinsa ya jawo wa gidansa bala'i da ya wulaƙanta manzannin Dawuda. Wannan duk mun san shi tun muna yara. Abin da ya girgiza ni a wannan karon Dawuda ne. Mutumin da ya san Allah haka, ga shi ya rataya takobi, ya ɗebi mutum wajen 400, zai zub da jini saboda baƙar magana. Da Abigayil, matar Nabal, ba ta tare shi a hanya ba, da ya aikata abin da zai yi ta cizon yatsa a kai. Daga baya shi da kansa ya yabi Allah da ya aiko ta.

Ka san shekarun da na yi ina koya wa yara labarin magina biyu na Matiyu 7. Sai yanzu na lura cewa dukansu sun ji maganar Yesu. Wanda ya yi gini a kan yashi ba jahili ba ne, ji ya yi bai aikata ba. Ni ma Karin Magana 15:1 tana bakina, cewa tattausar amsa takan kwantar da fushi, amma a daren nan ba ta sauko zuciyata ba.

Na goge saƙon na kira ƙanena. Muryarsa na rawa. Ashe wata biyu ke nan aikinsa ya tsaya, kunya ta hana shi faɗa mini.

Ba mu gama daidaitawa ba tukuna. Ranar Asabar za mu zauna tare da mahaifiyarmu, kuma na san halina idan raina ya ɓaci. Yaƙub 1:5 ta ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah. Ina roƙo, kai ma ka taya ni, musamman a kan harshena.

Ka gai da uwargida da yara. Ina jiran amsarka.

Ɗan'uwanka cikin Almasihu