Zuwa ga masu karɓar jari ta waya a Kurna, Rimin Kebe da Ɗorayi

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwanmu masu sana'a.

Yawancin buƙatun jarin da muke mayarwa, suna ne ke jawowa. A BVN (lambar shaida ta banki) an rubuta Muhammad, a NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) an rubuta Mohammed, ko an sa sunan uba a gaba. Na'ura ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta ƙi. Kafin ku nema, ku danna *565*0# a layin da kuka yi BVN da shi, da *346# don NIN, kowanne lamba 11 ne. Ku zo da su ofis mu duba, in akwai saɓani a fara gyarawa. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin asusun waya sai da ɗaya daga cikinsu.

Rashin lambar gida ko takardar wutar KEDCO ba ya hana kowa. Kwatance ya isa: masallacin da ke kusa, taransfoma, injin markaɗe, da sunan mai unguwa. Ma'aikacinmu zai zo ya ga teburi ko kaskon suya da idonsa.

Tsarinmu murabaha ne, ba ma miƙa kuɗi a hannu. Mu sayi kayan naira 40,000, mu sayar muku a 44,000, ku biya 5,500 duk mako har mako 8. Latti ba ya ƙara ko kwabo, amma yana rage jarin zagaye na gaba.

Maganar da ta fi damunmu ita ce aron BVN, musamman iyaye mata da ke bai wa ɗa ko miji. Bashi na mai lambar ne. In ba a biya ba, sunanki ne zai shiga kundin masu riƙe bashi, irin na CRC da FirstCentral, kuma duk wanda kika je wajensa daga baya zai gani. Kunya ce ke sa a bayar, mun sani, amma lambar sirri da lambar da ake turowa ta saƙo ko mu ba mu da hakkin tambaya. Layin ma a riƙa amfani da shi. Wanda aka daɗe da ajiyewa kamfani kan sayar wa wani. In waya ta ɓace, a rufe layin ranar, a sanar da mu.

In kun tura kuɗi ta POS ya maƙale, kada ku sake turawa. Ku riƙe rasit ku kawo mana, ranar da ke jikinsa za mu lissafa.

Masu cin bashin manhajar waya don su biya namu, don Allah ku fara zuwa mu yi magana. Tun Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store shiga lambobin waya da hotuna. Duk wadda aka turo muku ta WhatsApp tana neman wannan izini, kada ku saka ta.

Ofis a buɗe yake Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 9 zuwa La'asar.

Wassalam,
Ma'aikatan sashen jari