Ƙwarya da akushi a littattafan soyayyar da ƴaƴanmu ke karantawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da iyaye da malamai a nan Damagaram suka daɗe suna kuka da shi, wato littattafan soyayya da ƴan matanmu da samarinmu suke karantawa, musamman irin waɗanda ake haɗa mutum biyu da ba su yi kama da juna ba ta kowace fuska, a fara da gaba a ƙare da ɗaurin aure.

Ni malama ce, ina koyar da Faransanci a wata kwalej ta gwamnati. Kwanakin baya na kama wata ɗaliba cikin masu shirin BEPC, wato jarrabawar kammala kwalej, ta ɓoye waya a ƙarƙashin hijabi tana karatu, alhali ina tsakiyar darasi. Na riƙe wayar har aka tashi, sannan na kira ta na ce, "Ƴata, me ke cikin labarin nan da ya fi makomarki?" Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Madam, ba sa shiri ne ko kaɗan, shi kuma girman kai gare shi. So nake in ga ranar da zai sauko." Na yi mata faɗan da ya kamata na mayar mata da wayarta, amma kalmar nan ta "sauko" ta bi ni har gida, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da farko dai ya kamata mu iyaye mu daina yi kamar yau aka fara. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya kunno kai, littattafan nan suke shigowa garin nan ta hanyar Daura da Matamaye a cikin kayan ƴan kasuwa, kuma da yawa daga cikin matan da ke ƙorafi yanzu sun karanta su a ɗakin uwayensu da hasken fitilar ƙwai. Ina cikinsu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, labarin ƴar masu kuɗi ne da ta ƙwallafa rai a kan ɗan talaka. Waɗanda suka fi sakewa da Faransanci kuwa sun sami littattafan soyayya na Harlequin, daga baya kuma jerin Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998. Turawan ma gadon abin suka yi, domin tun 1813 Jane Austen ta Ingila ta rubuta labarin attajiri mai ji da kai da budurwa mai kaifin harshe, kuma har gobe a kan wannan turbar ake tafiya. Abin da ya sauya kawai shi ne, littafin da a da ake iya ganowa a ƙarƙashin katifa yanzu yana cikin Wattpad da zaurukan WhatsApp, ko kuma ana karanta shi da murya a YouTube, har wadda ba ta iya boko ba tana saurara tana wanke-wanke.

To me ya sa yarinya ƴar shekara goma sha biyar take ƙin labarin masoyan da suka dace tun farko, take neman na waɗanda ba sa ga maciji da juna? Amsar farko a ganina tana cikin karin maganar da muke yi musu kullum, cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Yaron Damagaram yana tasowa ya san katangun da ba a gani. Ya san akwai gidan sarauta da gidan malamai, ya san abin da ake faɗa a bayan ido idan ɗan mahauta ko ɗan maƙera ko ɗan maroƙa ya nemi aure a wasu gidaje, ya san irin kallon da ake yi wa wanda ya ce daga unguwar Kara-Kara yake idan ya shigo unguwar Birni neman mata. Yana kuma jin malamai suna karantar da cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji da mata addini ne da kuɓuta daga aibobi, ba asali ba ne, sai ya dawo gida ya tarar ana bin asalin har kaka na bakwai. Littafin da ƙwarya ta bi akushi ba ta fashe ba yana ba shi damar tsallake katangar nan a cikin zuciyarsa ba tare da ya saɓa wa kowa ba. Ga ƴa mace abin ya fi zurfi, domin alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wadda ta san wataƙila ba za a tambaye ta ba, ba abin mamaki ba ne ta manne wa labarin da a cikinsa yarinya take cewa a'a, kuma a'ar ta yi nauyin da sai namiji ya sauya halinsa.

Amsa ta biyu ta fi daɗin faɗa. Mu mutane ne da suka san zaƙin tsokana. Bafillace da Babarbare za su haɗu a Kasuwar Dole su yi ta jifan juna da maganganun da baƙo zai zaci faɗa ne, alhali zumunci ne ake sabuntawa, haka ma taubasai a cikin gida, kuma wannan wasa namu na barkwanci har UNESCO ta shigar da shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Mafi daɗin shafukan littattafan nan su ne na cacar baki, inda shi ya faɗa ita ta mayar, kowa yana nuna bai damu ba alhali mai karatu ya riga ya gano su. Yarinyar da aka hore ta da kunya, wadda ba ta iya ɗaga ido a gaban baƙo, tana jin daɗin ganin wata irinta ta mayar da magana daidai wa daida. Shi ya sa labarin waɗanda suka so juna tun shafin farko ba ya riƙe su, domin ba abin da za a jira.

Sai dai ya kamata su sani cewa rayuwa ba ta cika bin wannan tsari ba. A 2023 masu bincike na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka sun wallafa nazarin da ya duba halaye fiye da 130 na ma'aurata, suka tarar a fiye da kashi 80 cikin ɗari na halayen, mutane sun fi haɗuwa da masu kama da su, musamman ta wajen addini da zurfin karatu da ra'ayi. Ashe kakanninmu da ƙwaryarsu ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuskuren shi ne da muka mayar da kamar ta zama ta jini da sana'ar gado maimakon ta hali.

Ga inda damuwata take, kuma ba inda yawancin iyaye suke nunawa ba ne. Bayan abin da ya faru na nemi ɗalibaina su turo mini waɗanda suka fi so, na zauna na karanta da dama. A cikin mafi yawansu bambancin ya tsuke ya koma iri ɗaya tak: shi hamshaƙin mai kuɗi ne ko babban soja ko ɗan sarki, miskili, ba ya dariya, ita marainiya ce ko ƴar aiki ko ƴar ƙauye da aka aura masa dole. Yana yi mata tsawa, yana kiran ta ƙazama, yana hana ta fita, a wasu har ya mare ta, ita kuwa sai kuka da haƙuri, har ranar da ta kwanta ciwo ya gane yana sonta. Wannan wulaƙanci ne aka yi wa kwalliya. A tsofaffin labaran da suka yi suna, kowane ɓangare yana da abin da zai sauke, ita ma tana da kuskurenta, kuma bakinta ba a ɗaure yake ba. A waɗannan sababbi kuwa shi kaɗai ke da murya, aikin yarinyar shi ne ta jure har ya huce. Tsorona shi ne ɗalibata ta shiga ɗakin miji da wannan karatu a kanta, ta ɗauki mari alamar so da bai gama nuna ba, ta zauna tana jiran saukowar da ba za ta zo ba. Duk wadda ta zauna da matan unguwa ta san irin waɗannan masu jira, wasu har furfura ta cim musu.

Na san akwai masu cewa a hana karatun baki ɗaya. An gwada a Kano a 2007, lokacin da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a, kuma ga shi yau sun fi da yawa, sun kuma koma inda ashana ba ta kaiwa. Ban da haka, akwai ribar da ba ma lissafawa. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, amma har yau mafi yawan yaranmu da Faransanci suke karatu, kuma da yawa cikin ɗalibaina a littattafan nan suka koyi karanta harshensu da ƙa da ɗa da ɓa. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ba hikima ba ce mu ƙwace musu abu ɗaya da suke karantawa da ita don ra'ayin kansu.

Roƙona ga marubutanmu na nan gida shi ne su ba yaran bambanci na gaske, wanda suka sani. Ina labarin ɗalibar Jami'ar André Salifou da ɗan kabu-kabun da ke kai ta kullum suna musu a kan kuɗin hanya? Ina na ƴar dukawa mai ɗinka fata da ɗan malamin zaure, ko na Buzuwa da ɗan kasuwar Zango? A irin waɗannan akwai gaba da tsokana da katangar da za a tsallaka, ba tare da an taka kowa ba.

A nawa ɓangaren, makon da ya wuce na karanta wa ajina babin da aka yi marin a ɗaya daga cikin littattafan, na ce kowa ya sake rubuta shi yadda yake ganin ya dace, da Hausa ko da Faransanci. Samarin sun yi ta gunaguni cewa aikin mata ne, amma sun rubuta, har ɗaya ya sa ƙanwar mijin ta kai ƙararsa wajen mahaifiyarsu. Ita kuwa mai wayar, a nata babin yarinyar ta haɗa kayanta ta koma gidan kawunta a Mirriya, attajirin ya yi sawu uku yana biko ana ce masa ba ta nan. Na tambaye ta ko a na huɗu za ta fito. Ta ce, "Madam, ban yanke ba tukuna, sai na ga irin maganar da zai zo da ita."

Na gode da filin da ka ba ni.

Wata malamar kwalej,
Unguwar Birni, Damagaram